Taƙi Guda da Yatsa Biyu

Shekara ashirin da uku Baba Tambayau ya yi yana korar tsuntsaye a filin jirgin saman garinsu, kuma har yau in ya faɗi sana'arsa a inda ba a san shi ba sai an yi dariya. Ba ya jin haushi. Yakan bari a gama dariyar tsaf, sannan ya tambayi mutum ko ya san abin da balbela ɗaya take yi wa injin jirgi in ta faɗa ciki. Yawanci ba a sani ba, shi kuwa ga baki ga lokaci.

Tambayau ba shi ne sunansa na gaskiya ba. Abokan aiki ne suka laƙa masa, saboda bakinsa ba ya rabuwa da "to me ya sa?" Ya taɓa tsayar da wani injiniya a rana har rabin sa'a don kawai ya ji dalilin da tayar jirgi ba ta fashewa in ta daki ƙasa. Matarsa takan ce ko mutuwa ce ta zo ɗaukarsa, sai ya tambaye ta hanyar da ta biyo.

Kayan aikinsa uku ne. Akwai tsohon babur da yake zagaya filin da shi, da bindigar ƙara wadda ko ƙuda ba ta kashewa, sai wata sanda da ya yi wa zobe da jan fenti a tsayin taƙi guda da yatsa biyu. Baƙo zai ɗauka bindigar ce aikin, alhali kuwa sandar ce. Tambaye-tambayensa da zaman kallo na shekaru ne suka koya masa cewa tsuntsun fili ba ya son ciyawar da ta rufe masa ido, don ba zai hango abin da ke zuwa kama shi ba. In kuma ciyawar ta wuce jan zoben, sai ta yi kai, ɓeraye su tare, shirwa ta biyo su. Don haka kullum da safe yakan bi gefen titin jirgi yana soka sandar a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Inda ya ga ciyawa ta zarce, sai ya kira Direba, abokinsa mai tarakta, a rage mata kai kaɗan. Da haka filin ya zauna shiru, wani watan ma bindigar ba ta yin ƙara sau biyar.

Bara jirgi goma sha ɗaya ke sauka a mako. Bana suka koma bakwai, daga nan suka koma uku, Litinin da Laraba da Asabar. Mai shayin bakin ƙofa ya kwashe teburinsa, masu tasi suka daina leƙowa. Abin ya tsaya wa Tambayau a rai. Tsoro bai kama shi ba tukuna, so kawai yake ya san inda jiragen suka shiga, tunda jirgi ba akuya ba ne balle a ce ya ɓata.

Sai ya je wurin yarinyar da ke sayar da tikiti, wadda kowa ke kira 'Yar Taga.

"'Yata, wai ina fasinjojinmu suka shige ne?"

"Mota suka koma, Baba. Tikiti ya fi ƙarfinsu."

"Man jirgi ne ya tashi?"

"Ya tashi, amma ba shi kaɗai ba ne." Ta juyo masa da fuskar kwamfutarta. "Ka ga layin nan na sama? Shi ne abin da kamfani ke karɓa don ya kai ka. Duk na ƙasan nan ba nasa ba ne."

Tambayau ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa. Kuɗin saukar jirgi. Kuɗin tsaro. Harajin fasinja. Kuɗin zama a zauren jira. A can ƙasa kuma ga wani haraji da aka ɗora a kan jimlar duka, har da sauran harajin.

"Wannan na zauren jira, in mutum ya ce shi a waje zai jira a tsaye fa?"

"Sai ya biya."

"To me ya sa aka ƙara su gaba ɗaya?"

"An ce gwamnati na kashe fiye da abin da take samu, shi ya sa kaya ke ta tsada a kasuwa. In ta tara kuɗin shiga ta daina cin bashi, farashi zai sauko."

Ya juya maganar a ransa. "Wato an sa tikiti ya yi tsada ne don shinkafa ta yi araha."

"Haka dai suka ce."

"To in ya yi tsadar da babu mai hawa, wa zai biya harajin?"

"Baba, ka ga ina da aiki," in ji ta tana dariya. Ya waiga bayansa. Babu kowa a zauren sai wata kyanwa da ke barci a kan ma'aunin kaya.

Amsar tambayarsa ta zo bayan mako biyu, a takarda. Manaja ya tara ma'aikata a zauren da ake biya wa kuɗin zama, ya karanta musu. Filayen jirgin da kuɗin shigarsu ya faɗi za a rage musu ma'aikata, kashi ɗaya cikin uku. Ba za a yi son kai ba, wani kwamiti zai zo ya auna ƙwazon kowa, wanda aikinsa bai nuna ba shi zai tafi. Aka raba wa kowa fom. Manajan ba mugu ba ne. Saurayi ne mai ladabi da aka turo shekara biyu da suka wuce, kuma kowa ya san shi ma fom ɗin yana jiransa a ofis.

Na Tambayau layi ɗaya ne ya fi muhimmanci a ciki: adadin tsuntsayen da aka kora a wata. Ya buɗe ɗan littafinsa ya duba. Tara ne a watan jiya, kuma uku daga ciki kurciya ɗaya ce mai taurin kai.

Da yamma ya nuna wa matarsa, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Ka rubuta ɗari tara mana, Malam. Wa zai je ya tambayi tsuntsayen?"

"Ni zan sani ai."

"Za ka sani, ni kuma zan sani ranar da aka karɓe katin asibitin."

Maganar ta zauna masa. Saura shekara biyu ya cika ashirin da biyar ya samu cikakken fansho, wanda ya tafi kafin nan ɗan abin sallama kawai ake ba shi. Maganin hawan jinin matarsa kuwa da katin ma'aikata ake karɓo shi, kuma ya san kuɗinsa a kemis, don ya taɓa tambaya, kamar yadda yake tambayar komai. Ran nan ne tsoro ya kama shi sosai. Duk da haka tara ɗin ya rubuta, ya ƙara bayani a gefe da ƙananan haruffa, har ya zagayo bayan takardar.

Ranar Litinin Manaja ya kira shi tare da Direba. Kwamiti zai sauka da jirgin Laraba. Ana so filin ya yi kyau tun daga sama.

"A aske ciyawar nan duka, ta kwanta kamar darduma," in ji Manaja.

"Yallaɓai, in aka aske ta tsuntsaye za su zo."

"Baba, ai aikinka ke nan. In sun zo ka kore su."

"Aikina shi ne kada su zo."

Manaja ya shafa kansa. "Na gane, Baba, wallahi na gane. Amma mutanen nan awa uku za su yi. Daga tagar jirgi za su fara ba mu maki. In suka hango ciyawa ta kai ƙwauri, cewa za su yi muna kwance muna cin albashi. Wa zai tsaya yi musu bayanin sanda?"

"Ni."

"Shi nake tsoro," in ji Manaja, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

Direba ya biyo Tambayau waje. Shekara goma sha tara suna tare, 'ya'ya shida ne da shi, kuma nasa fom ɗin faɗin filin da ya yanka a wata yake tambaya. Da tsarin sandar Tambayau, abin da yake yankawa bai taka kara ya karya ba.

"Mutumina, ka yafe ni," in ji Direba. "Sau ɗaya ne."

Tarakta ta yi yini biyu tana kai da kawowa. Tambayau ya tsaya a gefe yana kallo, kuma duk da ɓacin ransa sai da son sanin nan nasa ya motsa: wa zai fara zuwa, kuma wa ke kai musu labari? Balbela ce ta fara, guda huɗu, suna bin bayan tarakta suna tsintar fara da ƙwarin da aka tone wa asiri. Kafin la'asar sun fi hamsin. Washegari hankaki suka iso, sai shirwa, don ɓerayen sun rasa wurin ɓuya. Ya lura shirwar ba ta sauka sai ta ga hankaka ya sauka lafiya, ya ciro littafinsa ya rubuta wannan, don bai taɓa sani ba.

Safiyar Laraba filin ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Ya yi kore shar, ya kwanta lif, kuma fari fat da balbela daga wannan kai zuwa wancan.

Jirgin zai sauka ƙarfe goma. Tun bakwai Tambayau ke kan babur. Ya harba nan su tashi su sauka can, ya je can su dawo nan. Harsashin ƙarar da yakan yi wata uku da shi ya ƙare kafin tara da rabi. Ya koma buga ƙarfe a jikin babur yana ihu har muryarsa ta dushe. Direba ya bar tarakta ya shigo da gudu yana kaɗa rigarsa, masu kashe gobara suka fito da motarsu suna jiniya. Jirgin ya zo ya zagaya sau biyu, mutumin hasumiya mai ba jirgi izinin sauka yana ce masa ya dakata. A na uku ya sauko. Tambayau yana tsaye, ya ga wata shirwa ta taso daga gefen titi daidai lokacin, ya ga ta ɓace a ƙarƙashin fiffiken hagu. Ya zauna a ƙasa.

Jirgin ya tsaya lafiya. Fasinjoji suka sauko suna gyara riguna, babu wanda ya san komai.

Matuƙin, wanda ake kira Kyaftin, dattijo ne da ya shekara goma sha biyu yana sauka a filin. Ba su taɓa doguwar magana da Tambayau ba, hannu kawai yake ɗaga masa ta gilashi duk saukar duniya. Ran nan ya sauko ya zagaya jirgin, ya yafito Tambayau. A gefen fiffike, taku ɗaya daga bakin injin, ga jini da gashin tsuntsu sun manne.

"Baba, lafiya kuwa?" in ji Kyaftin, a hankali, ba da faɗa ba. "Duk filayen da nake zuwa, nan ne kaɗai nake sauka ban neman tsuntsu da ido. Mutum saba'in da ɗaya na ɗauko yau."

Tambayau ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki.

Da rana aka kira shi gaban kwamiti. Shugabarsu wata mace ce mai fara'a, da tabarau a rataye a wuya. Ashe ta ga komai ta taga.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Mun zagaya fili shida, ban ga mai aiki kamarka ba. Tsuntsu nawa ka kora yau?"

"Sun fi ɗari huɗu, ranki ya daɗe. Amma..."

"To me ya sa ka rubuta tara a nan? Kai ma dai, tawali'u ya yi yawa." Ta soke taran da biro, ta rubuta ɗari huɗu. Dogon bayanin da ya zagaya bayan takardar ba ta juya ta gani ba.

"Ranki ya daɗe, in tambaye ki mana. In likita ya yi wata guda babu wanda ya kwanta ciwo a garinsu, a wane layi ake rubuta masa?"

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce lallai an gaya mata labarinsa. Ta ce tambaya ce mai kyau, za ta kai ta gaba. Daga nan ta duba agogo.

Hukuncin ya fito bayan mako guda. An sallami wasu nan take, ciki har da 'Yar Taga. Tambayau da Direba an bar su, da sharaɗin za a sake duba lambobin kowa bayan wata uku, kuma kada su faɗi ƙasa da abin da kwamiti ya gani da idonsa. Manaja ya kira su cike da murna.

"Kun ga an huta. A riƙa askewa duk mako. Direba ya samu faɗin fili, Baba ya samu tsuntsaye, ni ma na samu abin nunawa. Zan sa a ƙaro harsashi."

Lissafin ya fita, babu inda ya karkace. Matarsa ta yi hamdala, har ta sayi nama ran nan. Tambayau ya ci, amma bai ji ɗanɗanonsa ba. Taku ɗayan nan tsakanin jini da bakin inji ya ƙi barin idonsa.

Kwana biyu yana yawo da abin a ciki. A na uku, suna zaune da Direba a inuwar tarakta, ya ce, "Ba ni fom ɗinka in gani."

"Me za ka gani? Irin naka ne."

"Ba ni dai."

Ya sa tabarau ya karanta shi daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa. Ya sake karantawa.

"Mutumina, a nan an ce faɗin filin da tarakta ta bi. Ina aka ce tsayin da za ta yanka?"

Direba ya karɓa ya duba. "Ba a ce ba."

"Wuƙar nan taka, iyakar ina take ɗagawa?"

Suka tashi suka je bayan tarakta. Direba ya kwance ƙusa, ya ɗaga wuƙar zuwa ramin ƙarshe. Tambayau ya kafa sandarsa a ƙasa kusa da ita. Bakin wuƙar ya tsaya daidai jan zoben, ko yatsa bai rage ba. Daɗi ya kama shi kamar yaron da ya buɗe cikin rediyo ya ga inda magana ke fitowa.

"Shi ke nan. Ka bi filin duka, kullum ma in kana so. Ka rubuta gaskiyarka, lambarka ta cika."

Direba ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "To kai fa? In ciyawa ta dawo, tsuntsaye za su tafi."

"Za su tafi."

"Kawo naka mu duba. Ba a rasa wata ƙofa."

"Na duba. Sau bakwai na karanta shi. Nawa ba shi da ƙofa."

Tambayau ya gaya wa Manaja shirinsu da bakinsa, don ba ya son a ce ya yi a ɓoye. Manaja ya ce shi bai ji komai ba, tarakta dai ta riƙa fita. Matarsa ce ta fi wuya. Ta yi kuka, ta ce ya zaɓi ciyawa a kanta. Ya ce mata mutum saba'in da ɗaya ne, kuma kowannensu akwai mai jiransa a gida. Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A na uku ta ajiye masa shayi, ta ce ya je ya tambayo mata ko akwai irin maganin nata mai sauƙin kuɗi, tunda tambaya ce sana'arsa.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi. Watan farko ya rubuta ɗari da sittin. Na biyu talatin da ɗaya. Na uku ya zagaya filin ranar ƙarshe, ya duba littafinsa, ya rubuta huɗu. Takardar sallama ta zo cikin ambulan mai ruwan ƙasa, da godiya a kan shekarun da ya yi, da bayanin cewa alƙaluma sun nuna filin ba ya fama da matsalar tsuntsaye, don haka ba a bukatar mai korarsu.

Ranar Asabar ce ranarsa ta ƙarshe. Ya mai da babur da bindiga sito, aka ba shi takarda ya sa hannu. Ma'ajin ya duba jerin kayan, ya ce babu sanda a ciki. Tambayau ya ce dama tasa ce.

Ya taka da ƙafa zuwa gefen titi, inda Direba ke jira. Jirgin ƙarfe goma ya bayyana daga gabas, ya sauko kai tsaye bai zagaya ba. Da ya zo wucewa a hankali, Kyaftin ya ɗaga hannu ta gilashi kamar kullum, bai san komai ba. Tambayau ya ɗaga masa nasa.

Sannan ya miƙa wa Direba sandar.

"Kullum da safe, kafin ka tayar da inji. In fentin ya goge ka sake shafawa, kada ka yi da ka."

Direba ya riƙe ta da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. "In sun tambaye ni amfaninta fa, me zan ce?"

"Ba za su tambaya ba," in ji Tambayau. Ya tsaya ya ƙara kallon filin, ciyawa tana kaɗawa daga wannan kai zuwa wancan, babu ko tsuntsu ɗaya a kanta. Sannan ya juya ya nufi ƙofa, don kemis ɗin da ya ji labarinsa yana rufewa da azahar.